Ƙiriniya ce ko lalura? Tambayoyi da amsoshi kan tantance yara da matasa game da ADHD

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin iyaye da malamai duk sanda aka tayar da zancen yaron da "ba ya ji", ko yarinyar da kullum jikinta na aji amma hankalinta na waje. Na koyar a firamare shekaru da dama, kuma a cikin danginmu akwai yaron da sai da ya kai aji biyar kafin wani ya gaya mana cewa abin da ke damunsa yana da suna. Abin da ke nan ba zai tsaya a madadin ganin likita ba, amma zai sa ku shiga wurinsa kuna sane da abin da za ku tambaya.

Wai mece ce ADHD ɗin tukuna?

Lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma da yadda take riƙe linzamin kanta. Yaron da ke da ita yakan kasa tsayar da hankalinsa kan abu guda, ko ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya riƙa afka wa abu kafin tunani ya zo masa, kuma abin ya zarce na sa'o'insa har ya taɓa karatunsa da zamansa da mutane. ADHD taƙaitaccen sunanta ne na Turanci. A Nijar da Chadi da galibin Kamaru, inda asibitoci ke aiki da Faransanci, TDAH za ku ji ana cewa. Mu a gida sunayen da muke ba ta su ne ƙiriniya, rawar kai, rashin ji, shagala, wani lokaci har daƙiƙanci, kuma kowanne a cikinsu zargi ne a kan yaron.

Fuska uku gare ta. Akwai wanda rashin riƙe hankali ya fi rinjaye a kansa, shiru-shiru ne amma zuciyarsa na can wani wuri. Akwai wanda motsi da garaje suka fi yi masa yawa. Akwai kuma wanda ya haɗa duka biyun. Ba zamani ne ya kawo ta ba: wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya siffanta irin wannan rashin riƙe hankali tun 1798, George Still kuma ya gabatar da laccoci a Landan a 1902 kan yara masu irin wannan hali. Manyan nazarce-nazarcen da suka tattaro alƙaluman ƙasashe da yawa sun sa yawanta tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na yara. A ajin da ke da ɗalibai 60, ba abin mamaki ba ne a samu uku ko huɗu.

Mene ne bambancin tantancewa da tabbatar da lalurar?

Nan ne aka fi samun ruɗani, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Tantancewa matakin farko ne kawai: takardar tambayoyi da uwa ko uba da malami ke cikewa cikin kamar minti goma, don a ga ko akwai dalilin da za a zurfafa bincike. Ku ɗauke ta kamar ma'aunin zafin jiki. Zai nuna yaro na da zazzaɓi, amma ba zai ce na cizon sauro ne ko taifot ko ciwon kunne ba.

Tabbatarwa kuwa aikin ƙwararre ne, likitan yara ko likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam na asibiti. Zai zauna da ku ya ji tarihin yaron tun daga goyon ciki, ya duba jikinsa, ya karanta abin da makaranta ta ce, ya kawar da sauran abubuwan da ke kama da ita. Takardar tantancewa takan kama yaran da ba su da lalurar, takan kuma tsallake wasu masu ita. Saboda haka duk wanda ya ce muku ɗanku na da ADHD don kawai makinsa ya haura a takarda, ko don kun cike wata tambaya a intanet, ya yi gaggawa.

Ai duk yara suna da ƙiriniya. Yaushe ne ya kamata in damu?

Gaskiya ne, yaron da ba ya tsalle-tsalle ma shi ake yi wa tambayar ko lafiya. Abin da likitoci ke dubawa yana rubuce a littafin DSM-5 na Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, kuma jadawalin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, ya yi kusa da shi sosai. Alamomi 18 ne, tara na rashin riƙe hankali, tara na yawan motsi da garaje. Ana so a samu aƙalla shida a ɓangare ɗaya, ko biyar ga wanda ya kai shekara 17. Sai sun ɗauki wata shida ko fiye, sai wasunsu sun bayyana tun kafin shekara 12, sai an gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta, kuma sai sun zama suna cutar da yaron da gaske.

Bari in nuna muku yadda abin yake a tsakar gida. Ɗan yayata, yana ɗan shekara tara, uwarsa ta aike shi: "Sayo min magi, ka biya gidan Hajiya ka karɓo rariya, in ka dawo ka rufe wa kajin nan." Bayan sa'a guda ya shigo yana gara tsohuwar taya, kuɗin na dunƙule a hannunsa sun jiƙe da gumi. Da ta tambaye shi magin, fuskarsa ta nuna firgici na gaske, ba na mai ƙarya ba. Ya ji aiken, ya yi niyyar yi, tayar ce ta gifta a hanya ta tafi da komai. Wannan a rana ɗaya ba komai ba ne. Amma shi kullum ne, har uwarsa ta koma ɗaure masa fensir da zare a jikin jaka saboda a mako ɗaya yakan ɓatar da uku, malamin boko na kuka da shi, na Islamiyya ma haka, abokan ƙwallo sun daina sa shi don ba ya iya jiran a ba shi. Yawan abin, da daɗewarsa, da bin sa da yake yi duk inda ya je, su ne suka raba shi da ƙiriniyar ƙuruciya.

Daga shekara nawa ake iya tantance yaro?

Ƙa'idar Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta 2019 ta ce a binciki duk yaron da ke tsakanin shekara 4 zuwa 18 wanda ya zo da matsalar karatu ko ta ɗabi'a tare da waɗannan alamomi. Ƙasa da huɗu da wuya a raba lalura da halin shekarun, don ɗan shekara biyu ko uku dama ba a san shi da zama ba.

A lura da wani abu: ana gwada yaro ne da sa'o'insa na shekaru, ba da 'yan ajinsa ba. Wani babban nazari da aka wallafa a Amurka a 2018 ya gano cewa a jihohin da ake yanke shekarar shiga makaranta a ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, sun fi na Satumba yawan waɗanda aka ce suna da ADHD da kusan kashi ɗaya cikin uku. A wurinmu, inda ake tura ɗan shekara huɗu aji ɗaya don ya yi saurin gamawa, ko a tsallakar da yaro aji, abin na iya fin haka tsanani. Kafin a ce ba ya natsuwa, a tambaya ko shi ne ƙaramin ajin.

Me zai hana a tantance dukkan yaran makaranta gaba ɗaya?

Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a yi hakan a makarantu, domin za a kama yara da yawa da ba su da komai, a jefa iyayensu cikin fargaba, a cika asibiti da layin da masu buƙata ta gaske ba za su samu shiga ba. Ana tantance wanda aka ga alama a kansa ne. Sai dai akwai yaran da ya kamata a fi sa musu ido: bakwaini, mai farfaɗiya, wanda ya taɓa samun rauni a ƙwaƙwalwa, mai matsalar koyon karatu ko jinkirin magana, da wanda uwarsa ko ubansa ko ɗan'uwansa ke da lalurar.

Waɗanne takardu ake amfani da su, kuma yaya ake cike su?

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi yawo ita ce Vanderbilt, da aka yi don 'yan shekara 6 zuwa 12. Tana da ta iyaye mai tambaya 55 da ta malami mai 43. A kowace alama za a zaɓi ɗaya cikin huɗu: ba ya yi sam, jefi-jefi, sau da yawa, ko sau da yawa ƙwarai. Biyun ƙarshe kawai ake ƙirgawa, kuma ko sun kai shida cikin tara, sai ɓangaren ƙarshe na takardar ya nuna abin ya taɓa karatu ko mu'amala. Akwai SDQ, wadda Robert Goodman ya fitar a 1997, mai tambaya 25, da ke duba yanayin yaro gaba ɗaya: damuwa, ɗabi'a, motsi, zama da abokai, da kyautata wa mutane. Akwai kuma wasu takardun, irin su SNAP-IV da Conners.

Ku cike ta kuna tuna watanni shidan da suka wuce, ba makon da ya fasa muku tulu ba. Kada uwa da uba su haɗa kai su daidaita amsa. In da hali kowa ya cike tasa, saɓanin da ke tsakani ma bayani ne ga likita. Idan kaka ce ko yaya ko matar uba ke wuni da yaron, ita ce ta fi cancanta ta amsa. Yawancin takardun nan da Turanci ko Faransanci suke zuwa, don haka wanda bai iya karanta su ba ya nemi ma'aikacin lafiya ya karanto masa tambaya ɗaya-ɗaya, kuma ya roƙi misali duk inda bai gane ba. Tambaya irin ta "yana barin kujerarsa" ba ta da ma'ana ga yaron da a tabarma yake karatu sai an juya ta zuwa "yana tashi daga wurin zamansa alhali ana so ya zauna".

Me ya sa sai an sa malami a ciki? Ba na son makaranta ta san sirrin ɗana.

Saboda sharaɗin wuri biyu da aka ambata a amsar da ta yi maganar lokacin damuwa. Yaron da ke tayar da ƙura a gida kawai, a makaranta kuwa lafiya lau, yawanci wani abu ne a gidan ke damunsa. Wanda kuma a aji kaɗai yake kasa zama, a dubi ajin da darasin. Malami yana da abin da uwa ba ta da shi: ya ga ɗaruruwan yara masu shekaru ɗaya, ya san inda iyakar ƙiriniya take.

Na san damuwar, kuma na san ajin gwamnati mai yara 90 ko fiye, inda malami ba zai iya kawo sunan rabinsu ba. A irin wannan hali ku nemi wanda ya fi sanin yaron da gaske. Malamin Islamiyya ko na makarantar allo, wanda ke sauraron haddarsa kowace rana, sau da yawa ya fi malamin boko ganin inda hankalinsa ke yankewa, kuma shaidarsa karɓaɓɓiya ce. Ba sai kun ce masa ana zargin wata cuta ba. Ya isa ku ce, "Malam, likita ne ke son sanin yadda yake a wajen karatu, a taimaka a gaya mana gaskiya." Ku ba shi takardar a ambulan, kuma ku bari sai ya yi aƙalla wata ɗaya ko biyu yana koyar da yaron kafin ya cike.

Waɗanne abubuwa ne ke kama da ADHD alhali ba ita ba ce?

Suna da yawa, kuma a ƙasashenmu sun fi yawa, shi ya sa wannan amsar ta fi sauran muhimmanci a ganina. A fara da ido da kunne. Yaron da ba ya hango allo daga bayan aji, ko wanda kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa har jinsa ya ragu, zai daina sauraro ya koma tsokanar na kusa da shi. Sai barci: ɗan firamare na buƙatar sa'a 9 zuwa 12, matashi 8 zuwa 10. Wanda ya tashi da asuba, ya yi boko, ya yi Islamiyya, ya yi talla har dare, ko wanda ke minshari da ƙarfi yana farkawa saboda tsiron nama a hanci ko maƙogwaro, da rana ba lallai ya yi gyangyaɗi ba. Yara da yawa rashin barci ƙiriniya yake sa su. Sai yunwa da ƙarancin jini. Sai harshe: yaron da ake koya wa lissafi da Turancin da bai ji ba, dole hankalinsa ya tafi.

Akwai na asibiti zalla. Wata irin farfaɗiya ba ta kayar da yaro; sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙoƙi, ido a buɗe, sannan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, kuma tana iya zuwa sau da dama a rana. Mai tunanin zuci in ka taɓa kafaɗarsa zai juyo, wannan kuwa ba zai juyo ba sai ta sake shi. Mai sikila kan samu toshewar ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an ga shanyewar jiki ba, sai dai a ga karatunsa ya ja baya. Yaron da ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ko sanƙarau na iya fitowa da canjin hali da raunin natsuwa. Sai gubar dalma. Kowa ya tuna Zamfara a 2010, lokacin da niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da abin da ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Dalmar da ba ta kai ta kashe ba takan rage wa yaro riƙon hankali, kuma ana samun ta a wani kwallin da ake sa wa jarirai da wuraren fasa tsoffin batura. Duk wanda ke zaune kusa da irin waɗannan wurare ya faɗa wa likita.

Na ƙarshe shi ne abin da zuciya ta ɗauka. Yaron da ya ga harin 'yan bindiga, ko aka yi gudun hijira da shi, ko iyayensa suka rabu aka kai shi riƙo inda ba a sonsa, ko wani ke cin zarafinsa a ɓoye, zai zama mai zabura, mai mantuwa, marar zama. Tambayar da ke raba su ita ce: yaushe abin ya fara? In yaron ya kasance mai natsuwa sai daga baya ya canja, a nemi abin da ya faru a daidai lokacin. Kuma a sani, samun ɗaya daga cikin waɗannan bai hana a samu ADHD tare da shi ba.

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai nuna ta kai tsaye?

Babu. Likita na iya sa a auna jini don duba ƙarancinsa ko dalma, ko a yi awon wutar ƙwaƙwalwa in yana zargin farfaɗiya, amma duk don kawar da abubuwan da aka lissafa a amsar da ta gabata ne. Kada ku sayar da akuya don hoton kai da sunan za a "ga" ADHD a ciki.

'Yata ba ta da ƙiriniya ko kaɗan, amma karatu ba ya zama. Zai iya zama wannan?

Zai iya. Ana gano lalurar a maza kusan ninki biyu na mata a ƙuruciya, kuma wani ɓangare na wannan tazara ya samo asali ne daga cewa 'yan mata sun fi zuwa da fuskar shiru. Ba sa damun kowa, don haka ba wanda ke kai ƙararsu. A tarbiyyarmu kuma, inda ake yaba wa yarinya da kunya da kawaici, shirun nata yabo yake jawo mata har sai sakamakon jarrabawa ya fito.

Na tuna wata ɗalibata a aji huɗu, tana zama layi na biyu daga taga. Littafinta kullum farkon shafi tsaf, rubutu kamar na inji, amma daga layi na biyar sai ya tsaya, sauran shafin zanen furanni. In na tambaye ta ita kaɗai a ofis, takan ba da amsa daidai. A gida kuma ana kiranta sakarya don takan bar tuwo ya kama tana tsaye a gabansa. Shekara guda na yi ina ce mata ta ƙara ƙoƙari, kuma har yau abin na damuna, domin ƙoƙarin take yi fiye da kowa a ajin. Yarinyar da ke yawan mantuwa, ba ta ƙarasa aiki, kayanta kullum a watse, ta cancanci a cike mata takarda kamar yadda za a cike wa namijin da ke hawa katanga.

Matashi fa? Ɗana yana da shekara 15, yanzu ne abin ya fito fili.

Tantance matashi ya fi wuya. Yawan motsin yakan lafa da girma ya koma rashin sukuni na ciki, abin da ke saura shi ne jinkirta aiki, rashin tsari, mantuwa da saurin yanke hukunci. Wani mai kaifin ƙwaƙwalwa ne, basirarsa ta rufa masa asiri a firamare, sai da ya shiga sakandare, darussa suka yi yawa, babu mai bin sa da tuni, sannan ya fara zubewa. Amma sharaɗin nan na kafin shekara 12 yana nan. Likita zai nemi tsoffin katunan sakamako, ya tambayi uwa yadda yake yana ƙarami. In babu wata alama sam a ƙuruciya, to a fi karkata ga baƙin ciki mai tsanani, fargaba, kwana a kan waya, cin zali a makarantar kwana, ko shaye-shaye.

A sakandare malamai da yawa ke shiga aji, don haka a samu aƙalla biyu su cike takarda. Shi ma matashin akwai tasa, ko da yake sukan rage wa abin nauyi. Ku yarda likita ya gan shi shi kaɗai na ɗan lokaci. Akwai abin da ba zai faɗa a gaban mahaifinsa ba, musamman zancen tiramadol, kodin ko wiwi. Matasa masu ADHD da ba a kula da su ba sun fi sa'o'insu faɗa wa haɗarin abin hawa, barin makaranta da shaye-shaye. Ba na cewa duk yaron da ya kangare lalura ce da shi. Amma kafin a yanke shawarar kai yaro gidan mari, ina roƙon a fara kai shi gaban likita.

Laifin tarbiyyarmu ne? Ko zaƙi ne, ko waya, ko shafar aljanu?

Gado ne ya fi komai ƙarfi a ciki. Nazarin tagwaye ya nuna cewa kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan lalura daga gado yake, shi ya sa sau da yawa uba na cike wa ɗansa takarda yana ganin kansa a ciki. Haihuwa kafin lokaci, ƙarancin nauyi a haihuwa da gubar dalma suna ƙara yiwuwarta. Tarbiyya ba ta haifar da ita, sai dai tana iya sauƙaƙa ta ko tsananta ta. Bulala musamman ba ta gyara mantuwa. Abin da take koya wa yaron shi ne ɓoye kuskure da ganin kansa a matsayin marar amfani.

Sukari an gwada shi a nazarce-nazarce masu kyau, aka tattara su a 1995, ba a ga yana canja halin yara ba. Waya da talabijin na cinye barci da lokacin karatu, rage su alheri ne, amma ba su kaɗai ke haifar da lalurar ba. Kada kuma ku ruɗu don yaron na iya awa biyu a kan wasan waya: abin da ke ba da lada nan take yana riƙe su, wahalarsu tana wajen aikin da ladansa ke nesa. Batun addu'a kuwa, ba wanda ya ce a bar ta. A yi wa yaro addu'a, a kuma kai shi asibiti, ba sa karo da juna. Abin da nake tsoro shi ne shekarun da ke tafiya ana turare da duka da sunan fitar da iska, yaron kuwa yana ji a gabansa ana cewa ba shi kaɗai ba ne a jikinsa.

Ina zan kai shi?

Ku fara da likitan yara a babban asibiti mafi kusa, don shi ne zai duba ido, kunne, jini da sauran abubuwan da ke kama da lalurar, sannan ya tura ku gaba. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jos suna da sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano. A Nijar, babban asibitin ƙasa na Yamai na da sashen ƙwaƙwalwa. Ƙwararrun lafiyar ƙwaƙwalwar yara kaɗan ne ƙwarai a yankinmu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008 don horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma littafin shirin na da babi kan yara da matasa.

Na san nauyin da sunan waɗannan asibitoci ke da shi a bakin mutane. ADHD ba hauka ba ce, kuma ba ta nufin ƙarancin basira. Ba dole ne maƙwabta su san inda kuka je ba.

In an tabbatar, dole sai ya sha magani?

A'a. Ga 'yan shekara 4 da 5, matakin farko horar da iyaye ne kan yadda za su tafiyar da yaron: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a kalle shi ido da ido, a sa ya maimaita, a yaba masa nan take in ya yi. A makaranta a dawo da shi layin gaba, nesa da taga, a gutsuttsura masa aiki, a ba shi aiken da zai sa ya miƙe ƙafa, kamar goge allo ko raba littattafai. Daga shekara shida zuwa sama, in abin ya yi nauyi, ana haɗa wannan da magani, kuma yana taimaka wa mafi yawan yaran da aka ba. Wanda aka fi sani shi ne metilfenidet, mai sunan kasuwa Ritalin. Akwai kuma atomoksetin. Kafin a fara za a tambayi tarihin ciwon zuciya a dangi, a auna hawan jini, nauyi da tsawo, a ci gaba da aunawa, domin yakan rage cin abinci ya kuma hana barci. Metilfenidet na cikin magungunan da doka ta tsaurara a kansu. Ba a sayen sa a kemis da baki, ba a kuma ba ƙane na yayansa.

Takarda ta nuna babu komai, amma hankalina bai kwanta ba. Me zan yi?

Kamar yadda aka faɗa a amsa ta biyu, takarda na iya tsallake mai lalura, musamman yarinya mai shiru ko yaron da malaminsa bai san shi ba. Tana kuma iya faɗin gaskiya, matsalar na wani wuri: wahalar koyon karatu ko lissafi, fargaba, ko otizim, wanda wasu ke kira galahanga. Yara da yawa masu ADHD ma suna da ɗaya daga cikin waɗannan a tare da ita, don haka binciken bai ƙare a takarda ɗaya ba.

In matsalar ba ta yi tsanani ba, ƙa'idar NICE ta yarda a sa ido har zuwa mako 10 kafin a tura yaro wurin ƙwararre. Ku yi amfani da makonnin nan. Ku sayi ƙaramin littafi, kowane dare ku rubuta layi biyu: ƙarfe nawa ya kwanta, ya karya kafin ya fita ko bai karya ba, me ya faru, a ina, me ya gabace shi. Ku gyara barcin, a duba ido da kunne, a matso da shi gaban aji. Ranar komawa ku tafi da littafin, da katunan sakamakonsa tun na aji ɗaya, da littafin aikinsa guda biyu, na darasin da yake so da na wanda ba ya so, da katin rigakafi ko na haihuwa in yana nan, da kuma mutumin da ya fi kowa wuni da shi.